Ƙasa ta Gwamna, Ruwa na Tarayya: Wa ke Tsara Fadamar Jahun?

Duk wanda ya tashi daga garin Jahun ya nufi arewa, wajen su Harbo, zai lura da yadda ƙasa ke sauyawa a ƙarƙashin ƙafarsa. Da fari tudu ne mai rairayi, inda ake shuka gero da dawa da wake da riɗi. Sannu a hankali sai ƙasa ta fara gangarawa, ta yi duhu, ta yi danƙo, har a iske gonakin shinkafa. Wannan kwari shi ne fadamar Kogin Haɗeja. Manomin da ke da fili a nan yana da tambayoyi biyu a kowace shekara: yaushe ruwa zai zo, kuma yaushe zai janye? Amsar waɗannan tambayoyi ita ke nuna abin da zai shuka, da lokacin da makiyayi zai shigo da shanu, da inda masunci zai kafa mali.

Abin da wannan maƙala za ta yi bayani a kai shi ne cewa dokar Nijeriya ta danƙa wannan fili a hannun gwamnan jiha, amma ruwan da ke raya filin ta danƙa shi a hannun Gwamnatin Tarayya. A tudu wannan rabo ba ya damun kowa, domin ruwan sama ba shi da ofishi. A fadama kuwa shi ne tushen matsala.

Mene ne tsarin amfani da ƙasa?

Tsarin amfani da ƙasa shi ne hukuma ta zauna ta ware wuri-wuri bisa ga abin da ya dace da shi: nan gidaje, nan gonaki, nan makiyaya da burtali da mashaya, nan daji, nan kuma hanyar ruwa wadda bai kamata a yi gini a kanta ba. Masu wannan aiki suna auna tudu da kwari, su duba irin ƙasa, su ƙididdige yawan jama'a, sa'an nan su zana taswira. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa mai unguwa da dagaci da hakimi suna yanka wa baƙo gona, suna tsare burtali, suna raba gardamar iyaka, kuma jama'a sun san hanyoyin samun gona: gado, da aro, da jingina, da kyauta, da saye. Abin da zamani ya ƙara shi ne awo da takarda.

Dokar 1978

A ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Sashenta na farko ya ce duk ƙasar da ke cikin kowace jiha tana hannun gwamnan jihar, yana riƙe da ita amana domin amfanin 'yan Nijeriya baki ɗaya. Ga mutanen Arewa wannan bai zo da mamaki ba, saboda an ɗauko ruhinsa ne daga dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, wadda ita ma ta samo asali daga dokokin da Turawa suka yi a 1910 da 1916. A Kudu ne abin ya tayar da ƙura, inda iyalai da dangogi suka saba mallakar ƙasa kai tsaye.

Dokar ta raba aiki gida biyu. Filayen birni gwamna ke kula da su, shi ke ba da takardar shaidar mallaka. Filayen karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama irin na gargajiya, amma ba za ta ba mutum fiye da hekta 500 don noma ba, ko hekta 5,000 don kiwo, sai da amincewar gwamna. Hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, wato kusan eka biyu da rabi. Manomin da dokar ta iske yana noma gonarsa an bar masa ita kamar an ba shi izini, ko da ba shi da takarda. Saboda haka, a bisa doka, gonakin ƙauyukan Jahun suna ƙarƙashin ƙaramar hukumar Jahun, ita kuma tana ƙarƙashin gwamna a Dutse.

To, ina Gwamnatin Tarayya a cikin wannan? Dokar ta bar mata filayen da take riƙe da su tun kafin 1978. Idan kuma tana bukatar sabon fili don aikin jama'a, ba ta zuwa ta ƙwace da kanta. Sanarwa take aika wa gwamna, shi kuma sashe na 28 ya wajabta masa soke izinin masu filin. Diyyar da ake biya ta abin da ke kan ƙasa ce, kamar gini da itatuwa da amfanin gona. Ita ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta, tun da a ganin doka ba ta manomi ba ce. An kuma cusa wannan doka cikin tsarin mulki na 1979, aka maimaita a sashe na 315 na tsarin mulkin 1999, ta yadda gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulki.

Ƙarfin jihohi a kan tsarin ƙasa ya ƙara fitowa fili a 2003. A 1992 gwamnatin soja ta yi dokar tsara birane da yankuna wadda ta ba tarayya hannu a cikin tsarin kowace jiha. Bayan dawowar mulkin farar hula Jihar Legas ta kai ƙara, Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci a watan Yuni na 2003 cewa tsara birane da yankuna hurumin jihohi ne, ta soke sassan dokar da dama. Hukuncin ya shafi Jigawa kamar yadda ya shafi Legas.

Ruwa kuma na wa?

A nan ne labari ya juya. A 1976 aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasa guda 11, dukansu na tarayya, cikinsu har da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, mai hedkwata a Kano. A 1993 kuma aka yi dokar albarkatun ruwa, mai lamba 101, wadda ta ba Gwamnatin Tarayya ikon sarrafa duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, na sarari da na ƙarƙashin ƙasa. Tsarin mulkin 1999 ya sa irin wannan ruwa a jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Dokar ta 1993 ta bar wa talaka damar ɗibar ruwa kyauta don sha da shayar da dabba da ɗan lambunsa, amma yawan abin da zai gangaro cikin kogin ba shi ke yanke shi ba, ba kuma gwamnansa ba.

Akwai hikima a wannan tsari, kada mai karatu ya ɗauka son mulki ne kawai. Kogi ba ya tsayawa a kan iyaka. Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa kusa da Tamburawa, su bi ta Wudil, su shiga Jigawa ta wajen Ringim, su ratsa ƙasar Jahun da Miga da Auyo zuwa Haɗeja. Daga can ruwan ya rarrabu cikin dausayin Haɗeja da Nguru, ya haɗu da na Jama'are kafin Gashuwa, ya zama Kogin Yobe wanda ke zuba a Tafkin Cadi. Da za a bar kowace jiha ta tare abin da ta ga dama, da ta sama ta shanye, ta ƙasa ta mutu da ƙishirwa. Dole a sami alƙali. Tambayar ita ce yadda alƙalin ke sauraron waɗanda hukuncinsa ya shafa.

Abin da madatsun ruwa suka canza

Kafin a fahimci rikicin sai an fahimci kogin. Daga tushensa zuwa Wudil, kogin yana gudu ne a kan tsohon dutse mai tauri wanda ba ya shan ruwa sosai, saboda haka ruwan damina ke taruwa cikinsa da sauri. Daga Wudil zuwa gabas kuwa sai ya hau kan rairayi da laka masu kauri, waɗanda suka cika kwarin Cadi tun zamani mai nisa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai, ga kuma tsofaffin tuddan rairayi a jere, irin waɗanda ake kira jigawa, inda jihar ta samo sunanta. A nan kogin yakan rage gudu, ya yi rassa, ya bazu tsakanin tuddan. Ɗaya daga cikin rassan, wato Kogin Kafin Hausa, a yankin Miga yake ballewa, gab da ƙasar Jahun.

A da, mafi yawan ruwan kogin a watannin Agusta da Satumba yake zuwa. Ya cika, ya malala cikin fadama, ya zauna makonni, ya ajiye sabuwar laka, wani ya nutse ya cika rijiyoyi, sa'an nan ya janye. Da rani kogin yakan ƙafe sai 'yan kududdufai. A kan wannan zuwa da komawa aka gina rayuwar fadama. Fili guda yakan yi aiki uku ko huɗu a shekara: shinkafa da kamun kifi lokacin cikowa, shukar wake da makamantansa a danshin da ruwa ya bari, sa'an nan kiwo idan an kwashe amfani. Taswirar da ta ce wannan fili na noma ne kawai, ko na kiwo ne kawai, ta riga ta yi kuskure tun daga tebur.

A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano. Gwamnatin Jihar Kano ce ta gina ta a zamanin Audu Baƙo, daga baya ta koma hannun hukumar tarayya. An gina ta ta riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Mita kubik ɗaya shi ne lita 1,000. Bayan ɓallewar madatsar Bagauda a 1988, an rage tsayin mafitar rarar ruwan Tiga a 1992 don kare ta, abin da ya rage yawan abin da take riƙewa. A wannan shekara ta 1992 aka kammala madatsar Calawa da ke ƙasar Ƙaraye, mai riƙe kusan mita kubik biliyan 1. Masana sun ƙiyasta cewa waɗannan biyu suna sarrafa kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja.

Ɗalibi na iya gwada girman wannan da ɗan lissafi. Idan ruwa mai zurfin rabin mita ya rufe hekta ɗaya, ya kai mita kubik 5,000. Ke nan mita kubik miliyan 100, wanda ɗan kaso ne na abin da Tiga ke riƙewa, ya isa ya rufe hekta 20,000 da irin wannan zurfi. A riƙe shi, gonaki masu yawan haka su rasa ruwan shinkafa. A sake shi a lokacin da bai dace ba, su nutse.

Amfanin madatsun a bayyane yake. Su ke shayar da birnin Kano, su ke ba da ruwa ga aikin noman rani na Kadawa, da na kwarin Haɗeja da ke Auyo, wanda aka gyara da rancen Bankin Duniya aka buɗe a Janairun 2023 da faɗin kusan hekta 6,000. Amma sun juya kalandar kogin. Cikowar damina ta ragu a yawancin shekaru, da rani kuma kogin da ya saba ƙafewa ya koma yana gudana, saboda ana sakin ruwa don birni da noman rani.

Mutum zai zaci ruwa duk shekara alheri ne tsantsa. Ga abin da ya biyo baya. Akwai wata ciyawa mai tsayi da mutanen yankin ke kira kacala. Tana son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. A da rani ne ke kashe ta. Da rani ya daina busar da kogi sai ta samu gindin zama. Saiwoyinta suna tare yashi da laka, hanyar ruwa ta cushe, gindin kogi ya ɗago. Sakamakon haka wani reshe ya toshe, mutanensa su rasa ruwa, wani kuma ya tumbatsa ya zauna a gonakin mutane shekara da shekaru. Bugu da ƙari, kacala ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Idan kuma aka yi shekarar ruwa mai yawa, madatsu suka cika suka yi amai, sai ruwan ya iske hanya a toshe, ya fantsama cikin garuruwa. An ga haka a 2001 da 2010 da 2012 da 2018 da 2020 da 2022, kuma Jahun da Miga da Ringim da Auyo suna cikin wuraren da sunansu ke yawan fitowa.

Ranar da kogi ya sami iyaka

A ganina ba a cika kula da muhimmancin ranar 27 ga Agusta, 1991 a tarihin wannan kogi ba. Kafin wannan rana, Tiga da Kadawa da Jahun da Haɗeja duk a Jihar Kano suke. Gwamna guda ke jin kukan mai noman rani a Kura da na mai shinkafa a Harbo. Da Janar Ibrahim Babangida ya ƙirƙiro Jihar Jigawa, sai madatsu da babban birni da babban aikin noman rani suka zauna a Kano, fadama ta koma Jigawa, makullin ruwa kuma yana hannun hukumar da ke amsa umarni daga ma'aikatar tarayya. Wanda ke da ikon tsara fadama ba shi da iko da ruwanta, wanda ke da iko da ruwan kuma ba shi ne manoma za su tare a hanya ba idan gona ta nutse.

Ambaliyar Satumban 2010 ta nuna wannan ƙarara. Gwamnatin Jigawa ta ɗora laifi a kan sakin ruwa daga Tiga da Calawa, jami'an madatsun kuma suka ce ruwan sama ne ya yi yawa har madatsu suka cika suka zubar da rara. Ga ɗalibin kimiyya, hanyar raba wannan gardama ita ce awo: nawa ne ya fita daga madatsa, nawa ya wuce Wudil, nawa ya iso Haɗeja, a wace rana. Tashoshin awon ruwa da bayanansu su ma galibi aikin hukumomin tarayya ne. Jihar da za ta shata layin da ba a gini a bayansa tana bukatar waɗannan alƙaluma na shekaru masu yawa, in ba haka ba layin nata zato ne.

Akwai kuma giɓi a dokar 1978 kanta. Ta yi tanadin diyya ga wanda aka karɓe wa fili. Ba ta ce komai ba game da wanda filinsa ke nan a hannunsa amma ruwa ya daina zuwa masa, ko kacala ta cinye shi. A takarda bai yi asarar komai ba.

Tun a farkon shekarun 1990 wasu masana tattalin arziki, Edward Barbier da abokan aikinsa, tare da shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru wanda aka fara a 1987, suka kwatanta abin da ruwa ke samarwa a fadama ta fuskar noma da kifi da itace, da abin da yake samarwa a aikin noman rani na Kogin Kano. Suka gano cewa idan aka auna da yawan ruwan da aka kashe, fadama ta fi riba nesa ba kusa ba. Shawarar da ta biyo baya ita ce a riƙa sakin ruwa da gangan a cikin damina, gwargwado, don a kwaikwayi cikowar da aka saba. Shawara ce mai sauƙin faɗa. Aiwatar da ita na nufin wanda ke riƙe da madatsa ya saki ruwan da yake tanadi don rani, domin amfanin mutanen wata jiha.

Ƙoƙarin sasantawa

A 2006 jihohi shida da kogin ya shafa, wato Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Barno da Filato, suka haɗu da Gwamnatin Tarayya a Damaturu suka kafa asusun kula da kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu da Yobe, aka kuma tsara daftarin yarjejeniyar rabon ruwa. An yi aikin share hanyoyin ruwa a wurare da dama, sau da yawa da hannun mutanen ƙauyuka kansu. Gwamnatin Jigawa ma ta sayi injunan da ke shiga ruwa suna yashe kogi da tumɓuke kacala, ta kuma gina jinga a bakin wasu garuruwa. A nan ma akwai abin lura: jingar da ta kare wani gari takan tura ruwan ne zuwa na gaba, saboda haka ko aikin jiha a cikin iyakarta yana shafar Yobe.

Tarayya ta yi yunƙurin haɗa dokokin ruwa wuri guda cikin wani ƙuduri da aka kai majalisa sau da dama. Masu suka, musamman daga Kudu da tsakiyar ƙasa, suka ce hanya ce ta karɓe filayen bakin kogi daga hannun gwamnoni, Majalisar Dattawa kuma ta yi watsi da shi a watan Yuni na 2023. Haka shirin Ruga na tsugunar da makiyaya ya gamu da turjiyar wasu gwamnoni har aka dakatar da shi a Yulin 2019, domin tarayya ba ta da filin da za ta ba kowa sai ta hannunsu. Kowane ɓangare yana riƙe da abin da ɗayan ke bukata.

Ga malamai da ɗalibai

Ana iya ganin yawancin abin da aka faɗa a nan ba tare da dakin gwaji ba. A sami faranti mai faɗi a cika shi da rairayi, a ɗan karkata shi, a ja layi da yatsa a matsayin kogi, a zuba ruwa kofi guda a lokaci ɗaya a ga inda ya bazu. A sake gwadawa da kofi guda ana ɗiga shi sannu a hankali. Sa'an nan a cusa 'yan tsinkaye a tsakiyar layin a matsayin kacala, a sake zuba kofin a lokaci ɗaya.

Makarantun da ke kusa da fadama suna da abin da ya fi wannan. Ɗalibai su zana taswirar ƙauyensu, su tambayi dattawa inda ruwa ke tsayawa kafin a gina Tiga, da inda ya tsaya a 2022, da inda burtali ya bi a da, su sa alama da launi daban-daban. A kafa sanda mai awon santimita a wuri amintacce a bakin ruwa, ƙarƙashin kulawar malami, a riƙa rubuta tsayin ruwa kowace safiya daga Yuli zuwa Oktoba, tare da kwanan wata. A ajiye littafin a ofishin shugaban makaranta domin ajin baɗi ya ci gaba daga inda na bana ya tsaya, a kuma aika kwafinsa ga sashen aikin gona na ƙaramar hukuma.